Nunan Rana

Damina uku ban leƙa shi ba.
Waya ta tafi a kuɗin asibitin Baba,
ni na tafi gonar riɗi,
na bar Gwanki tsaye a bakin gada,
mataki na ashirin da uku,
da takobin aro da rigar fata mai faci.

Bana riɗi ya yi.
Na kai buhu biyu Gujungu, na dawo da waya ta hannu
mai tsaga a gefe kamar faso.
A shagon cajin Hambali,
inda sola ke kiwon wayoyi arba'in kamar 'yan tsaki,
sai a gwaji na huɗu kalmar sirri ta faɗo min:
sunan akuyar Inna da shekarar haihuwata.

Yana nan. Bai zauna ba, bai tsufa ba.
Duniyar ce ta tashi ta bar shi.
An ƙara tsibirai, an sauya kuɗi,
kasuwar da nake sayar da fatar kura ta zama kufai.

Sai ga tayi a fuskar waya:
biya kaza, ka farka a mataki na tamanin.
Hambali ya leƙo ta kafaɗata:
"Wa ke zuwa Kano a ƙafa ga mota a tasha?"
Na lissafa. Kuɗin zabi biyu ne da 'yan canji.
Na tura.

Ko gyara zama ban yi ba.
Haske ya tashi, aka busa ƙaho,
Gwanki ya fito cikin sulken zinariya
da garkuwar da ta fi ƙyauren ɗakina,
ga maɓallai goma sha shida a jere,
ban san ko ɗaya ba,
kamar a ɗora mai garma kan tarakta a ce ya yi huɗa.

Da dare na hau tudun bayan firamare
inda sabis ke kai sanda uku in ya ga dama.
Wasu huɗu suka ja ni kogo,
sun ga tamanin, suka sa ni gaba.
Dodo ya ɗaga hannu, na danna abin da yatsa ya samu,
na yi wa kaina magani alhali lafiyata ƙalau,
muka zube mu biyar kamar an sare kara.
Wani ya rubuto da yaren da ban iya ba.
Zagi ba ya neman tafinta.

Na san irin wannan mangwaro.
Rana ce ta dafa bayansa ya yi ja,
ka gatsa, haƙora su mutu.

Na buɗe jerin abokai, sunaye sun yi toka-toka.
Munzali: rabonsa da shiga, kwana ɗari tara da sha ɗaya.
Yana Fatakwal yana sauke albasa, in ji ƙanwarsa.
Dare bakwai muka yi a gadar nan ni da shi,
mai gadinta yana kashe mu, muna danne dariya
kada a jiyo mu daga cikin gida,
muna raba data kamar ƙuli ɗaya.
Muka ce ranar da muka haye
shayi da ƙwai ne, kowa biyu.

Yanzu taswira ta ce an haye.
Har da alamar an gama.
Wa ya gama?

Na juya, na bi hanya da baya
har gadar. Mai gadin yana nan da kulkinsa.
Taɓa shi kawai na yi, ya kife.
Ban ji komai ba
sai sauron da ya same ni a idon sawu.

Ya sake tashi, aikinsa ke nan.
Sai ga wani ƙarami, mataki na sha tara,
da rigar fata irin tawa ta da,
yana faɗuwa, yana dawowa a guje.
Na zaro takobi in rage masa hanya.
Na mayar.

Na zaunar da Gwanki a bakin ruwa, da zinariyarsa da komai.
A ƙasan tudu kare yana haushin wani abu.
Yaron ya faɗi na takwas,
ya sha magani, ya gyara tsayuwa.
Batir saura kashi shida.
Allah ya sa ya kai ni in ga ya haye.